Shekarar da Muka Binne Numfashin Guduma

Ranar sunan nan da aka yi a gidan yayanku na ji ku a tsakar gida kuna ba da labarin kakanku kuna dariya. Wai tsoho ne mai ƙin zamani, ya ga inji ya ɗauka aljani ne, ya yi fushi ya bar maƙera sai da aka lallashe shi. Kun ga na lumshe ido kun zaci barci nake. Ba barci nake ba, raina ne ya ɓaci. A cikinku babu wanda ya ga shekarar nan da idonsa, in ban da yayanku da ke goye a bayana yana tsotsar hannu. To tun da na soma rubuta muku rayuwata, bari in tsaya a kan wannan shekara in daɗe, don mutumin da kuke yi wa dariya bai taɓa jin tsoron ƙarfe ba, kuma abin da ya fitar da shi daga maƙerarsa ba abin dariya ba ne.

Lokacin Turawa suna nan, sai dai an soma raɗe-raɗin tafiyarsu. Gidanmu na Batsari gidan gandu ne, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, maƙera ɗaya. Kakanku, wanda duk muke kira Baba, shi ne kan gida. Sai Iya matarsa, sai babanku da ƙannensa. Ni daga Darini aka kawo ni, 'yar magina tukwane ce, da yumɓu a farcena na shigo gidan kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Maƙerar rumfa ce babba a gefen zaure, tana kallon hanya. Ba wurin ƙira kaɗai ba ce. Duk manomin da ya shigo gari sai ya biya ta nan, ko da fartanyarsa lafiya lau take, don dai ya gaisa da Baba. Kuma gaisuwar Baba daban ce. Kafin ka rufe baki da sallama ya kira sunanka, ya tambayi mahaifinka da sunansa, ya tambayi jakinka da ya yi targaɗe bara. Mutane suna jin daɗin haka ƙwarai. Kowa ya san wuta ta ɗan taɓa masa ido, kamar yadda take taɓa na kowane tsohon maƙeri, amma ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, tun da hannunsa bai taɓa kuskure uwar maƙera ba.

A shekarun nan ne garmar shanu ta yawaita a ƙasarmu. Malaman gona suna yawo suna koya wa mutane ɗaura wa bijimai, kuma duk wanda ya gwada ba ya son komawa ga galma. Sai dai bakin garmar ƙarfe ne mai kauri, ƙasa na cinye shi, in ya cinye sai an tafi Katsina nema. Babanku da ƙannensa sun gwada ƙera shi da hannu. Yini guda suna musayar guduma, kafaɗa ta yi tsami, abin da za su fitar bai taka kara ya karya ba. Babanku kuwa ya yi cin rani a Kano, ya yi aiki a wata babbar ma'aikatar ƙarfe, can ya ga gudumar da inji ke ɗagawa. Da ya ji za a yar da wata tsohuwar guduma irin wannan, bai zauna ba sai da ya same ta da injin da ke juya ta. Yadda ya yi ya same ta labari ne daban. Bayan girbi dai motar gyaɗa ta sauke mana ita a ƙofar gida, garin nan kaf ya fito kallo.

Aba ce baƙa, ta fi namiji tsayi, da kai kamar turmi a kife. Injin da ke juya ta babanku ya gina masa ɗan ɗaki a bayan katanga, bel ɗin da ke haɗa su ya ratso ta wata kafa, saboda haka ƙararsa ba ta dami kowa ba. Gudumar ce fitinar. Da iska take aiki. Tana da baki biyu, ɗaya a gefe tana zuƙar iska, ɗaya a baya tana fesarwa. In babanku ya taka mata ƙafa sai kan ya sauko ya daki ƙarfe, in ya ɗaga sai ta tsaya da duka, amma numfashin ba ya tsayawa. Muddin inji na tafiya tana nan tana fat, fat, fat, da wani siririn fito a ƙarshen kowane fat da ke shiga har cikin haƙori. Kajin Iya sun ƙaura bayan rumbu. Ni ina can cikin gida ina gini sai in ga ruwan da ke cikin kasko yana rawa. Amma fa a faɗi gaskiya, aiki tana yi. Bakin garmar da ke cin yini guda, kafin a yi azahar an jera su a ƙasa suna hucewa. Mutanen Karare suka daina zuwa Katsina. Har daga Safana ake aikowa, babanku yana tafiya ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa, ni ma ina taya shi jin daɗi.

Ba a daɗe ba aka soma ƙananan maganganu a kan Baba. Wai ya sake hali. Wai tun da arziki ya shigo gidansa ya daina amsa gaisuwa. A bakin rijiya na fara jin haka, na yi wa matar da ta faɗa tas, don a lokacin bakina ba shi da linzami. Amma maganar ba ta mutu ba. Wani dattijo na Karare, abokinsa tun suna samari, ya zo ya tsaya a kansa ya yi sallama har ya gaji, Baba na zaune a kan buzunsa yana wasa lauje, bai ko ɗago ba. Dattijon ya juya ya tafi, ya ce shi da maƙerar nan har abada.

Ni da idona na ga yadda abin yake. Wata rana da hantsi na kai masa fura. Kun san suruka ba ta shiga maƙera, ba ta kuma haɗa ido da uban miji. A bakin rumfa nake durƙusawa in ajiye ƙwarya, kuma kullum kafin gwiwata ta kai ƙasa ya ce, “Ɗiyar Darini ce? Allah shi yi albarka.” Ranar nan gudumar na ta fat-fat. Na durƙusa, na gaishe shi, shiru. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamaci suruka, shiru. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga kai na dube shi. Fuskarsa na fuskantata sosai, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba, idanunsa a buɗe, kuma ba ya ganina. Na tura ƙwaryar a hankali har ta taɓa ƙafarsa, ya zabura, ya laluba da hannu. Ashe duk sunayen nan da yake kira, da kunne yake kiransu. Takun mutum yake ji, da tarinsa, da yadda yake jan sallama. Gudumar ta zo ta toshe masa ƙofar da ta rage.

Na koma ciki na sami Iya tana kaɗi. Ban san ta inda zan fara ba, sai hawaye. Ta dube ni ta ajiye mazari.

“Kin gani ke nan,” in ji ta.

“Iya, tun yaushe?”

“Tun damanar da ta wuce ya daina rarrabe fuska. Haske da duhu kawai. To kin gani, ki haɗiye. Ko mijinki kar shi ji daga bakinki.”

“Iya, ai ɗansa ne.”

“Don ɗansa ne. So kike shi koma abin tausayi a maƙerar da ya gina? Wa zai ba makaho fartanyarsa? Ya rantsar da ni, ni kau na rantsar da ke.”

Na haɗiye, kuma ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irinsa ba.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, Baba ya naɗe buzunsa ya koma zaure. Bayan sallar la'asar ya kira babanku, mu muna jin su ta bayan zana.

“Abin nan naka, ka fitar man da shi daga maƙera kafin ruwa shi sauka.”

“Baba, mi ta yi? Wanda ya ci tuwon gidan nan bana, da ita ya ci.”

“Ban tambaye ka tuwo ba. Ko ni ko ita.”

“To a faɗa mani laifinta in gyara.”

“Ba ta da laifi. Ba na so.”

Babanku mutum ne mai biyayya, amma in aka hana shi dalili sai ya zama dutse. Ya shigo ɗaki yana huci, ya ce tun da Baba ba ya son ci gabansa, a raba gandu. Zai ɗauki gudumarsa da matarsa da ɗansa ya tafi Funtuwa, can ba wanda zai ce masa don me. Na san shi, in ya faɗa zai yi. Na kuma san abin da hakan ke nufi. Ƙannensa ba su gama koyo ba, Baba ba ya gani, in babanku ya tafi wutar maƙerar nan ta mutu ke nan, kuma uba da ɗa za su rabu kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya ƙi shi. Ga maganin abin a bakina, ga rantsuwa ta danne shi. Abin da na iya faɗa kaɗan ne.

“Malam, ni a ganina ƙarar ce. Ba dukan ƙarfen ba, wannan a cikinsa aka haife shi. Numfashin nan nata da ba ya tsayawa. In da za ta yi shiru tsakanin duka da duka, ina jin Baba zai sauko.”

“Shi ya faɗa maki?”

“Ina ni ina magana da Baba? Kunne gare ni kamar kowa.”

Ya yi tsaki, amma washegari na ga ya tara ƙannensa a bayan gudumar. Nan suka yi abin da har gobe in na tuna sai na yi dariya. Su fa 'ya'yan zuga-zugi ne. A saninsu, duk inda iska ke fita tana fito a jikin zuga-zugi, huda ce, kuma maganin huda a toshe ta. Suka samo fatar akuya da tsummoki da ƙaro, suka cusa a bakin da ke fesar da iska, suka ɗaure tamau da tsirkiya. Aka tada inji. Gudumar ta yi wani irin nishi, kan ya ɗaga da ƙyar ya tsaya a tsakiya yana karkarwa. Kafin a ce a kashe, sai ji kake tau, toshiyar ta fita kamar an harba bindiga, ta tsallake katanga ta faɗa cikin tukunyar da Iya ke jiƙa tsamiya. Iya ta fito da zani a jiƙe tana salati, ta ce in sun gama kashe kajinta yanzu kuma ita suka juyo wa.

Daga ranar nan gudumar ba ta ƙara daidai ba. Dukanta ya yi rauni, tana ɗagawa tana maƙalewa, jikinta na zafi. Babanku ya ɗauka toshiyar ce ta lalata ta, ya shiga damuwa. Ya tafi Katsina ya zo da wani makanike da suka yi zaman Kano tare, mutum mai fara'a da yawan cin goro. Makaniken ya kwance gefen gudumar, ya sa hannu ya kwaso wani baƙin abu mai danƙo kamar tuwon da ya kwana a toka. Ya nuna wa babanku.

“Ka san mene ne wannan? Ƙaiƙayin gero ne da garin gawayi, sun haɗu da mai. Tun yaushe take shaƙar wannan?”

Tun ranar da aka kafa ta. Bakin zuƙarta na kallon inda ake zuba gawayi, kuma ta bayan katangar nan ne mu mata muka yi ta sussuka da shiƙa rani guda. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Zuga-zugi ba ya zaɓen iska, duk abin da ya zuƙa wuta yake kai wa, wuta ta cinye. Su a ganinsu ita ma haka take. Makaniken ya ce a da tana da wani gwangwani mai raga da mai a ciki, shi ke tace mata iska, ya ɓace tun kafin ta baro Kano, kuma ba a samun irinsa. Ya wanke ta, ya mayar. Babanku ya tambaye shi batun ƙara, ya ba shi labarin toshiyar, mutumin ya yi dariya har ya ƙware.

“Ba a toshe ta, Malam. Wanda ya ƙoshi da fushi ba a rufe masa baki. A kamfani cikin wata ƙatuwar ganga ake sakar mata iskar, ta sami fili ta baje, sannan ta fita a hankali ta wata kafa mai faɗi.”

Maganar tace iska babanku ne ya warware ta, kuma na yaba masa. Ya ƙera bututu ya fitar da bakin zuƙar waje, ta ɓangaren da ba gawayi ba masussuka. A ƙarshen bututun ya kafa wuyan wani tuluna da ya fashe, ya cika shi da soson wanka da aka tsoma a man gyaɗa aka matse, ya ɗaure bakin da ƙyallen alawayyo. Duk ranar Juma'a da safe sai ya ciro soson, ka gan shi baƙi ƙirin, ya sa sabo. Ƙarfin gudumar ya dawo. Amma ƙarar na nan, har ma ta ƙaru tun da ta sami lafiya, kuma ganga irin wadda makanike ya faɗa babu ita a Batsari. Gajimare ya soma haɗuwa ta gabas da yamma. Baba na zaure, ba ya magana da ɗansa sai amsa gaisuwar safe. Babanku ya soma tambayar direbobin gyaɗa wa zai je Funtuwa.

Ni ce na ce a gwada tukunya. Duk wanda ya tashi gidan magina ya san wasan da muke yi muna yara, ka cusa kai cikin randar da ba ruwa ka ƙwala ihu, na waje ba ya jin komai sai gunji can ƙasa-ƙasa. Babanku ya dube ni kamar zai ce mace da maganar inji, sai dai ba shi da wata dabarar. Na ba shi babban tulu, ya huda gindinsa ya sa bututu. Ƙarar ta ragu, muka soma murna, tulun ya yi rawa a ƙasa ya yi rawa, sai ya tarwatse. Tsingaro har cikin wutar maƙera. Na tsinci gutsattsarin na duba, na ga laifin ba na yumɓu ba ne. Cikin ya yi mata kaɗan, kuma an bar shi a fili ba abin da ya riƙe shi. Abin da take so randa ce ƙatuwa mai kaurin jiki, a binne ta a ƙasa, ƙasa ta rungume ta.

Gina irin wannan randa ba aikin mako ba ne. Sai an ɗora ta kaɗan-kaɗan, ta sha iska a inuwa, ta bushe har ciki, sannan a gasa, ga ruwa na shirin sauka. A gidan kaf randa ɗaya ce ta kai girman, ita ce wadda ke ɗakina. Innata ce ta gina mani ita da za a kawo ni, kuma ita ce babbar randa ta ƙarshe da ta gina kafin ciwo ya kwantar da ita. Ba ta ga haihuwar yayanku ba. A wuyan randar, ta ciki, akwai sawun yatsunta inda ta dafa tana shafe baki, kullum na sa moɗa sai na taɓa wurin. Ruwanta ko a tsakiyar bazara sai ya kama maka haƙori. Randa kuwa in aka huda ta, ta gama riƙe ruwa har abada. Na yini ina kai da kawo a ɗaki, ina jin haushin Baba da taurin kansa, ina jin haushin babanku da nasa, ina jin haushin Iya da ta ɗaura mani rantsuwa. Da na gama jin haushin kowa sai na kwashe ruwan na zuba a tuluna, na kira babanku.

“Wannan ai ta Inna ce,” in ji shi.

“Na sani. Ni zan huda ta da kaina, kai hannunka na ƙarfe ne, fasa ta za ka yi.”

Na zauna da ƙusa da ɗan dutse ina sassaƙa gefenta a hankali, ina jiƙa wurin da ruwa, har kafar ta isa bututu. Ina yi ina kuka, ba na kuma ɓoyewa. Ƙannen babanku suka haƙa rami a bayan rumfar, aka sauke ta a ciki da igiya, aka zuba tsakuwa a gindinta, aka shigar da bututun da ya fito daga bayan gudumar, na liƙe mahaɗin da yumɓu da kashin jaki. Bakinta muka kife shi da kasko mai huji da yawa, aka mayar da ƙasa aka daddanna, kaskon kaɗai ke leƙowa.

Da safe babanku ya tada inji. Ina tsaye a bakin zana da goyo. Bel ya kama, kan gudumar ya soma motsi sama-sama. Fat ɗin nan babu shi, fiton nan babu shi. Sai wani bugu mai taushi daga ƙarƙashin ƙasa, kamar ana daka a unguwa ta gaba. Na ji kukan kurciya a kan tsamiyar ƙofar gida, rabon da in ji shi da hantsi tun girbi. Babanku ya shiga rumfa. Ya sa ƙarfe a wuta ya tsaya yana jira, bai aika a kira Baba ba, shi ma da nasa girman kan.

Can sai muryar Baba daga zaure, yana kiran Iya.

“Yau kuma abin nasa ya sake lalacewa ne? Na ji inji na tafiya, ban ji ta ba.”

“Tashi ka je ka tambaye shi mana,” in ji Iya. “Ni 'yar aikenku ce?”

Aka ɗan jima. Sai ga shi ya fito da buzunsa a hammata, yana bin katanga da gefen hannu kamar mai duba gini. Ya tsaya a bakin rumfa ya karkata kai. Ya shiga, ya shimfiɗa buzun a inda yake shimfiɗawa, ya zauna. Babanku ya yi kamar bai gan shi ba. Ya ciro ƙarfen da awartaki, ya ɗora, ya taka. Dukan ya cika rumfar, dam, dam, dam, ya ɗaga ƙafa ya juya ƙarfen, wurin ya yi tsit, ya sake takawa. Ana cikin haka Baba ya ɗaga hannu.

“Mai da shi wuta, ya huce.”

Babanku ya duba ƙarfen. “Baba, da sauran ja a jikinsa.”

“Ja na waje ne. Ba ka ji amonsa ya sake ba? In ka ƙara masa zai tsage ta ciki.”

Ya mayar da shi wuta ba musu. Yana tsaye yana juya shi cikin garwashi, ya ba Baba baya, sai ya ce a hankali, “Daga nan inda kake har ka hango launinsa?”

Iya na bayana, ta kama mani hannu ta matse. Baba ya shafa gashin buzun da tafinsa.

“Ban hango ba,” ya ce. “Ban ga ƙarfe ba tun bara. Kai ma ban gan ka ba. Ji nake yi. Da abin nan naka ya zo sai na daina ji, na zauna a nan kamar an rufe ni a rumbu, mutane na shiga suna fita ban san ko su wa ne ne ba.”

Babanku ya saki awartakin. Ƙarfen nan ya zauna a wuta har ya ƙone, ba wanda ya kula. Ya zo ya durƙusa a gaban ubansa, babban mutum da gemunsa, kafaɗunsa na rawa.

“Baba, don mi ba ka faɗa mani ba? Da na jefa ta a rijiya.”

“Shi ya sa ban faɗa ba. Garin nan na son garma.” Ya laluba ya dafa kansa. “Tashi, kana ɓarnar gawayi.”

Ba a raba gandu ba. Ruwa ya sauka a makon, manoma suka cika rumfar da garmunansu, Baba na zaune yana kiran kowa da sunansa. Babanku da kansa ya taka har Karare ya ba dattijon nan haƙuri, ya taho da shi. Ina jin su daga cikin gida, tun mutumin bai ƙarasa bakin rumfa ba Baba ya ce, “Wannan jan ƙafar na Mati ne. Ashe kana da rai, mai fushin banza?” Suka yi ta zagin juna irin na abokai har azahar.

Baba ya ƙara shekaru masu dama a kan buzun nan, kuma duk bakin garmar da ya fita daga maƙerarmu sai da ya wuce ta kunnensa. Bai taɓa yi mani maganar randar ba, ni ma ban taɓa yi ba, tsakanin suruki da suruka ba a irin wannan. Sai dai da rani ya zagayo ya sa ƙannen babanku suka tafi Darini da jakai, suka yi ta jido mani yumɓu daga ramin da innata ke ɗiba, har ya taru ya kai rabin katanga. Da na je bakin rumfa na durƙusa zan yi godiya, ya riga ni.

“Ɗiyar Darini, ki gina babba. Ruwan tulu ba ya sanyi.”